Naɗe kyauta da haɗa katin gaisuwa da kayan da ke cikin gida

Takardar naɗe kyauta mai ƙyalƙyali da ake sayarwa a shagunan Gusau da Birnin Kebbi tana da kyau a ido, amma ba ta jure hanya. Siririya ce, kusurwar kwali na huda ta, ba ta riƙe ninki, kuma idan rana ta doke ta a bayan kabu-kabu sai salatif ya saki tun kafin a isa gidan suna. Ga shi da zarar an buɗe kyautar sai bola. Abu uku ne ke fito da naɗi tsaf: awo daidai, ninki mai kaifi, da gam ɗan kaɗan. Wanda ya iya su zai naɗe kyauta da takardar bangon littafi, a yi zaton daga wani babban shago ta fito.

Kayan da za a tanada

Almakashi mai kaifi, sabuwar reza, rula (ta ƙarfe ta fi, don reza na cin ta roba), fensir, biron da tawadarsa ta ƙare, cokali, allura, da tef ɗin awo na tela. Duk awon da ke nan na santimita ne, sai a juya tef ɗin zuwa fuskar da ba ta inci ba. A ajiye tsohon kwali mai kauri a riƙa yanka a kansa.

A cikin takardu, ruwan ƙasar nan da ake yi wa littattafan makaranta bango ita ce kan gaba: tana da ƙwari, tana riƙe ninki, tana shan fenti. Bayan tsohuwar kalanda fari ne kuma mai kauri. Kwalin da malamai ke zane a kai don mannawa a aji shi ake yin kati da shi. Kwalayen sabulu, ganyen shayi da takalmi kada a zubar. Sai guntayen atamfa da shadda da ke taruwa a ƙarƙashin keken tela, waɗanda galibi roƙo kawai ke kawo su.

A duba takarda kafin a yanka. Kalanda ko jarida mai ɗauke da aya, hadisi ko sunan Allah ba a naɗi da ita, domin makomar takardar naɗi ƙasa ce. Jarida ma ko babu wannan, tawadarta na goguwa a jikin farin yadi, don haka kada ta taɓa kaya kai tsaye. Idan an samu buhun siminti na takarda, fallen tsakiya kaɗai za a ɗauka a goge, kuma kada a kusantar da shi ga abinci ko kayan jariri.

Gam: wanne ya dace da me

Yawancin aikin da ya lalace daga nan yake lalacewa.

Don manna takarda da takarda, sitacin rogo da ake sa wa shadda ya wadatar. A dama cokali biyu na cin abinci da ruwan sanyi cokali huɗu har gudaji su mutu. A zuba tafasasshen ruwa kofin shayi ɗaya, wajen mililita 200, ana juyawa, a mayar kan wuta kaɗan na minti biyu zuwa uku har ya yi kauri kamar koko, farinsa ya washe. Idan har yanzu fari ne tas, bai nuna ba kuma ba zai kama ba. A bari ya huce kafin a shafa. Kwana biyu ko uku yake yi ya fara tsami, a damina ma bai kai haka ba. Jefa ƙwayar kanumfari uku a ciki na ɗan ja masa kwana. Kyankyaso da ɓera na son sa, saboda haka katin da aka yi da shi a rufaffen mazubi ake ajiye shi.

Ƙaro, wanda alarammomi ke haɗa tawada da shi, shi ne na bakin ambulan. A daka, a jiƙa awo ɗaya a cikin awo biyu na ruwan ɗumi ya kwana, a tace da ƙyalle. A shafa a bakin ambulan a bari ya bushe. Ranar da za a rufe sai a taɓa da jiƙaƙƙen yatsa ya sake kamawa. Amma idan ya bushe yana da gautsi, ba ya riƙe yadi.

Yadi a kan kwali farin gam ɗin kafinta yake so. A sirka shi da ruwa kaɗan, a shafa a jikin kwalin, a jira minti ɗaya ya fara danƙo sannan a ɗora yadin. Idan a kan yadin aka shafa, zai ɓullo ta gaba ya bar tabo mai sheƙi da ba ya fita. Gam ɗin nan mai kamawa nan take na ƙaramin bututu a bar shi: yana ratsa takarda, yana sandarar da yadi, kuma idan ya haɗu da auduga yana ɗaukar zafin da zai iya ƙona yatsa.

Kowane gam aka ɗauka, ƙa'idar ɗaya ce. A baza shi siriri da guntun kwali, daga tsakiya zuwa gefe. Ruwan da ke cikin gam na kumbura fuskar takardar da ya taɓa, ɗaya fuskar kuwa tana nan yadda take, shi ya sa kati ke lanƙwashewa. Da an manna, a sa tsakanin fararen takardu biyu a danne da littattafai masu nauyi ya kwana.

Yi wa takarda launi da zane

Aliero ta yi suna wajen albasa, kuma ɓawonta shara ne a kowace kasuwa. A nemi busasshen ɓawon jar albasa cikin hannu biyu, a tafasa a lita ɗaya ta ruwa na rabin awa, a tace. Yana ba da ruwan ƙasa mai ɗan ja-ja. Idan aka narka rabin ƙaramin cokali na alimun da ake tace ruwa da shi, launin kan karkata zuwa rawaya mai ɗan kore. Ganyen shayi mai kauri na ba farar takarda kamannin tsohon kundi. Kurkum na ba da rawaya mai haske, sai dai da ya taɓa sabulu ko kanwa zai koma ja.

Zoɓo na da yaudara. A tukunya ja ne wur, amma a kan takardar fotokwafi sai ya rikiɗe zuwa shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, domin akwai alli a cikin irin wannan takarda. Matsa lemun tsami a ciki na taimakawa ya tsaya a ja. Shi da kurkum duk rana na kashe su, don haka sun dace da takardar naɗi, ba katin da ake so a ajiye shekaru ba.

A shafa rinin da guntun katifa, a fuska biyu, don kada takardar ta nannaɗe. A shimfiɗa a inuwa a kan tabarma. Tana da sauran danshi a rufa mata ƙyalle a goge da dutsen guga mara zafi sosai.

Zane mafi sauƙi na hatimi ne. Ɗanyar kuɓewa da aka yanke a tsakiya na buga ɗan fure mai kyau. Wanda ya fi daɗewa shi ne na tsohon silifas: a yanko gunta santimita 4 a kan 4, a zana dagi, tauraro, jinjirin wata ko kifi irin na Argungu, a sassaƙe gefen zanen da reza zurfin milimita 3. Idan harafi ne, a juye za a sassaƙa shi, in ba haka ba zai fito a birkice. Kada a tsoma hatimin a fenti. A shafa fentin ruwa mai kauri a guntun katifa, a riƙa danna hatimin a kai sannan a buga, kuma a sa ninkakken zane a ƙarƙashin takardar don zanen ya fito gaba ɗaya. A fara ɗiga alamar fensir kowane santimita 8, layi na biyu ya faɗa tsakanin na farko. Launi ɗaya a kan takarda ruwan ƙasa ya fi launi huɗu kwarjini.

Naɗe kwali

A fara da cikin kwalin: a cire tambarin farashi, a cusa yamutsattsiyar takarda har kaya su daina motsi. Kayan da ke kai-komo a ciki su ke fasa kusurwa.

Awo biyu ake buƙata. Na farko, a zagaya kwalin da tef ta gajeren ɓangarensa a ƙara santimita 4. Na biyu, tsawon kwalin a ƙara kashi uku cikin huɗu na tsayinsa a kowane baki. Misali kwalin takalmi mai tsawo 30, faɗi 18, tsayi 11: zagayensa 58, da ƙarin 4 ya zama 62, tsawo kuwa 30 da 8 da 8, wato 46. Takardar 62 a kan 46 ke nan. Masu koyo kan bar takarda da yawa a baki don tsoron kada ta gaza, kuma wannan rarar ce ke dunƙulewa ta ɓata aikin.

A kifa kwalin a tsakiyar takardar, fuskarsa a ƙasa. A ɗago gefe ɗaya a kwantar a bayansa. Ɗaya gefen a kalmashe bakinsa santimita 1 don ɓoye yankan almakashi, a ja shi sosai ya hau kan na farko, a manna. Idan an gyara zaman kwalin yadda wannan haɗin zai faɗo daidai kan kusurwa, ba a ma ganin sa. Gam ko salatif a kan takarda zai tsaya, kada ya taɓa kwalin, domin mai kyautar na iya son kwalinsa.

A baki, a tura gefen dama da na hagu ciki har su kwanta a jikin kwalin. Kunnuwa biyu za su fito, sama da ƙasa. A murje ninkinsu da bayan cokali. A sauke na sama, a kalmashe bakin na ƙasa a ɗago shi ya rufe, a manna. A tsayar da kwalin a kan bakin da aka gama, a yi ɗayan. Daga ƙarshe a bi kowace kusurwa da babban yatsa da manuni ana matsewa. Wannan matsewar ta minti ɗaya ita ce bambancin aikin gwani da na ɗan koyo.

In salatif za a yi amfani da shi, a yanko santimita 4 a naɗe shi zobe, danƙon a waje, a ɓoye ƙarƙashin ninki. In kuma takarda ta gaza da ɗan kaɗan, kada a yi faci: a juya kwalin ya zauna a karkace, a ɗago kusurwoyin takardar huɗu ɗaya bayan ɗaya su haɗu a tsakiya.

Igiyar da za ta gitta kwali ta faɗi da tsawo: tsawo sau biyu, faɗi sau biyu, tsayi sau huɗu, da ƙarin santimita 60 na ƙulli. Kwalin takalmin nan mita 2 zai ci. Igiyar rama, zaren saƙa, ko atamfar da aka yage faɗin santimita 3 duk sun yi. Ribon na roba a ɗan haska wa bakinsa ashana don kada ya warware.

Kayan da ba su da kusurwa

Kwalbar turaren wuta ko humra a fara ɗaure murfinta da leda da kyauro, don ɗigon mai ɗaya ya isa ya ɓata takarda. A auna faɗin gindin kwalbar a ninka sau uku, a ƙara santimita 4, shi ne faɗin takardar. Tsayin takardar kuma tsayin kwalbar ne da ƙarin faɗin gindin sau biyu. Kwalba mai faɗi 8 da tsayi 12 na son takarda 28 a kan 28. A naɗe, a bar santimita 4 a ƙasa, a tattare shi ninki-ninki zuwa tsakiya, a rufe da zagayayyen guntun kwali. Rarar sama a tattara a ɗaure da igiya.

Turmin atamfa ko shadda ba ya buƙatar a rufe shi ruf, tunda kyansa ne adonsa. A yanka kwali daidai girman ninkinsa a sa a ƙasa don ya miƙe, a yi masa ɗamara da takarda mai faɗin santimita 10, a haɗe ta a baya, a ɗaure da igiya, a soka katin a ƙarƙashi. Kayan jariri ma haka: a jera su a kan kwali, manya a ƙasa, a naɗe su tare.

Dabino, alawa ko goro sun fi dacewa da ƙaramar ƙwarya da faifai a kai, a gitta da kaba. A jiƙa kabar minti goma kafin a ƙulla, busasshiya karyewa take yi. Goro kuwa kada a naɗe shi a takarda da hunturu. A bar shi cikin ganyensa ko ƙyalle mai danshi, in ba haka ba zai isa a bushe.

Ƙunshi da ƙyalle

A ganinmu wannan ya fi kowane naɗi, domin babu gam, babu abin zubarwa, kuma ƙyallen kansa wata kyautar ce: ɗankwali, hankici, tawul ɗin jariri ko guntun atamfa. Ƙunsa kaya a ɗankwali tsohon abu ne a wurinmu. Mutanen Japan kuma sun tsara nasu salon, furoshiki, har da awonsa.

Ƙyallen ya zama faɗinsa da tsawonsa ɗaya. A auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Ya kamata wannan ya ninka tsawon kayan sau uku. Ƙyalle 70 a kan 70 na ba da kusan 99, ya ishi kaya mai tsawon 30. Na 50 a kan 50 na littafi ne ko kwalin agogo. A kalmashe bakin a keke, a goge. Yadi mai kauri ko mai sitaci da yawa ba ya ƙulluwa da kyau.

A shimfiɗa fuskar yadin a ƙasa, kusurwa ɗaya tana kallon mai aiki. A ɗora kayan a tsakiya. A ɗago kusurwar kusa a rufe kayan a cusa rarar a ƙarƙashi, a jawo ta nesa ta hau kai. A kama ta dama da ta hagu, a tattare yadin a jikin kayan don kada ya yi aljihu, a ƙulla a sama: dama kan hagu, sannan hagu kan dama. Idan aka maimaita hannu ɗaya sau biyu, ƙullin zai karkace kuma yana zamewa.

Kwalba biyu a ƙyalle ɗaya: a kwantar da su a layin kusurwa zuwa kusurwa, gindi na kallon gindi, da tazarar faɗin kwalba ɗaya ko ta ɗan fi. A mirgina su cikin yadin har ƙarshe, a tayar da su tsaye, a ƙulla bakin biyu a sama. Yadin da ke tsakani na hana su karo. Sabuwar atamfa mai zuba kada ta taɓa farin kaya. A sa farar takarda tsakani, musamman da damina.

Katin gaisuwa

Takardar A4 tana da 21 a kan 29.7. A yanka kwali daidai rabinta, 14.8 a kan 21, a ninka biyu ya koma 10.5 a kan 14.8. Wannan girman na shiga ambulan ɗin kanti mai 11.4 a kan 16.2.

Kafin a yanka, a ɗan lanƙwasa kwalin ta tsawo, sannan ta faɗi. Ta ɓangaren da ya fi saurin lanƙwasuwa ake ninki. Ta ɗayan ɓangaren kuwa, bayan katin tsagewa yake yi, farin ciki ya bayyana. Kwali kuma ba a ninka shi da hannu kawai. A ɗora rula, a ja layi da mataccen biro sau biyu ana dannawa, sannan a ninka a murje da bayan cokali. Wajen yanka, jan reza sau uku a hankali ya fi ja ɗaya da ƙarfi, kuma dakusasshiyar reza ce ke sa baki ya yi gashi-gashi.

Kati mai taga shi ne ya fi fito da atamfa. A yanka kwali 14.8 a kan 29.7, a raba shi gida uku: 9.7, 10, 10. A gidan tsakiya a yanke taga 6 a kan 9. A zaɓi wurin da zanen atamfar ya fi kyau, a yanko 8 a kan 11, a goge. Cikin katin na kallon sama, a shafa gam a kewayen tagar, a kifa yadin, a ja shi ya miƙe. A ninko ƙaramin gidan na hagu ya rufe bayan yadin, a manna. Gidan dama shi ne wurin rubutu. Idan da ajami za a rubuta, a juya tsarin, ƙaramin gidan ya koma dama, don katin ya buɗe ta inda ake fara karatu.

Wanda ya iya riƙe allura ya gwada na zare. A zana da'ira mai faɗin santimita 6 a bayan fuskar katin, a ɗiga alama 24 a kewayenta, tazara kusan milimita 8. A ɗora a kan guntun katifa a huda duka tukuna. Da zaren ɗinkin hula, a fito ta huda ta 1 a shiga ta 10, a fito ta 11 a shiga ta 2, a fito ta 3 a shiga ta 12, haka har kowace huda ta haɗu da ta tara a gabanta. Zobe zai fito da rami a tsakiya. Ba a ƙulla zaren, a manne bakinsa a baya da salatif, a rufe da farar takarda. Jan zare da ƙarfi na yaga tsakanin huda, kuma huda kada ta matso bakin kati ƙasa da santimita 1.

Masu ƙunshi na iya zana fure da lalle kai tsaye a kan kwali mai kauri, a bari ya bushe a kankare. A gwada a gunta tukuna, domin lallen da aka sa wa mai yana barin da'irar maiƙo.

Rubutu a wata farar takarda daban ake yin sa, wadda ta gaza katin da milimita 4 a faɗi da tsawo, a manne ta da siririn layin gam kusa da ninki. Idan hannu ya kuskure, takardar za a sauya, ba katin ba.

Ambulan ɗin gudummawa

Takardun naira 100, 200, 500 da 1000 duk girmansu ɗaya, santimita 15.1 a kan 7.8, don haka ambulan 17 a kan 9 ya ishe su ba tare da ninki ba. A yanka takarda 21 a faɗi, 22.5 a tsawo. A ja layi santimita 2 daga kowane gefe. A gicciye kuma a ja layi a 8.5 daga ƙasa, wani a 17.5. A yanke kunnuwan gefe na gidan ƙasa da na sama, a bar na tsakiya. A ninko kunnuwan ciki, a shafa musu gam, a ɗago gidan ƙasa ya hau kansu. Santimita 5 da suka rage a sama su ne murfi; a rage masa kusurwa, a shafa ƙaro. A bari ya bushe sarai kafin a sa kuɗi. Idan kuɗin na da kauri, a matsar da layukan gefe zuwa 1.5.

Kuɗin kansu kada a yi ado da su. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta wulaƙanta naira, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Manna su da gam, huda su da allura ko murɗe su a yi fure duk lalata su ne, kuma wanda aka ba shi ne zai sha wahalar kashe su.

Abin da za a rubuta

Gajeren rubutu da hannu ya isa. Na suna: Allah ya raya, ya ɗayyaba. Na aure: Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Na Sallah: Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na sauka: Allah ya sanya albarka, ya ba da ikon aiki da shi. Ga mai jinya: Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Tunda irin waɗannan addu'o'i na ɗauke da sunan Allah, a cikin kati ake sa su, ba a kan takardar naɗin da za a yage ba.

Babba ba a gaya sunansa a kan kati. A rubuta "Zuwa ga Inna", "Gwaggo", "Kawu", "Malam", yadda ake kiran sa a gida, surukai kuwa balle. A ja layin fensir mara nauyi, a rubuta, a jira tawada ta bushe kafin a goge layin. Biro mai ruwa na bazuwa a kan takardar da aka rina. A can busasshen biro ya fi. A kula da ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ, su fito sosai.

Kai kyautar

Da hunturu gam na bushewa tun kafin a daidaita, sai a riƙa shafa ɗan wuri kaɗan-kaɗan, a rufe kofin gam da jiƙaƙƙen ƙyalle. Da bazara salatif da gam ɗin kyandir, wanda ake narkawa da zafi, na saki a cikin mota, don haka kyautar da za ta yi tafiya daga Kaura Namoda zuwa Gusau, ko daga Yauri zuwa Birnin Kebbi, a dogara da igiya da ƙulli. Da damina a ba kati kwana biyu a ƙarƙashin nauyi kafin a sa shi a ambulan, in ba haka ba zai yi fumfuna. A saka naɗaɗɗiyar kyautar cikin babbar leda saboda ƙura, a cire a bakin ƙofa.

A gidan biki kyaututtuka tari ake yi da su a ɗaki guda, yara na ɗagawa, kati na faɗuwa. A huda ɗan kwali 4 a kan 7, a rubuta sunan mai bayarwa, a zura shi a igiyar kafin ƙulli na biyu. A kuma jefa wata 'yar takarda mai sunan a cikin kwalin kafin a fara naɗi.